Koyon Rubuta Manhaja Ba Tare da Kwamfuta Ba

Tambaya: Malam, ɗana yana sha'awar koyon rubuta manhajar kwamfuta, amma ba ni da halin saya masa na'urar. Shin zai iya fara koyo a haka? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, zai iya, domin tushen wannan ilimi shi ne tsara tunani daki-daki, ita kuwa na'ura umarni kawai take aiwatarwa. A shekarar 1843 Ada Lovelace, wata masaniyar lissafi, ta wallafa matakan lissafi domin injin lissafin da masani Charles Babbage ya tsara a Ingila, alhali ba a taɓa kammala ƙera injin ba. Shi ma Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, a 1956 ya gano dabarar lalubo hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu cikin kimanin minti 20, yana zaune a shagon shan kofi a Amsterdam, ko takarda babu a gabansa.

Ki sa yaron ya rubuta matakan dafa shayi ɗaya bayan ɗaya, ke kuma ki bi su yadda ya rubuta, babu ƙari babu ragi. Nan take zai ga inda ya bar giɓi. Sai dai gyaran kuskure ba a ƙwarewa a kansa sai an gwada manhaja a kan na'ura, saboda haka ko wayarki ce ki riƙa ara masa da yamma.