Tambaya da Amsa: An gayyace ni babban taron ƙungiyar malamai mata na jiha, shin in je?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni malamar firamare ce, na koyar shekara 8 a Zariya kafin aiki ya kawo maigidana birnin Houston na jihar Texas a Amurka, inda yanzu nake koyar da 'yan aji uku. Bara wata abokiyar aikina ta gabatar da sunana ga ƙungiyar malamai mata mai suna Delta Kappa Gamma, aka karɓe ni a reshen yankinmu. Yanzu shugabar reshen tana so in bi su babban taron jiha na kwana uku a watan Yuni, a wani birni mai nisan tafiyar awa huɗu a mota. Maigidana bai hana ni ba, amma sunan ƙungiyar da kyandirori da furannin da ya gani a hoton ranar da aka karɓe ni sun sa yana ɗari-ɗari, domin sun tuna masa da ƙungiyoyin asiri na jami'o'in gida. Ni kuma ina tunanin kuɗi da salla da abinci, ga fargabar in zama ni kaɗai ce mai hijabi a zauren. Me kika gani? Daga wata malama a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki da kike yi a ƙasar da ba taki ba. Shawarata ita ce ki je, kuma ki je da shiri, amma kafin komai sai an kwantar wa maigida hankali, domin damuwarsa tana da tushe. Duk wanda ya san irin jinin da ƙungiyoyin asiri suka zubar a manyan makarantun Najeriya ba zai ga laifin mutumin da ya ji baƙon suna, ya ga an kunna kyandir, gabansa ya faɗi ba.

Abin da za ki gaya masa shi ne tarihin ƙungiyar a bayyane yake. An kafa ta ranar 11 ga Mayu, 1929, a birnin Austin, hedikwatar jihar da kike zaune, kuma mata malamai 12 ne suka kafa ta ƙarƙashin jagorancin Dakta Annie Webb Blanton, wadda a nan Houston aka haife ta a 1870. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa kan wani muƙami na jihar Texas baki ɗaya, lokacin da ta ci zaɓen shugabar harkokin ilimi ta jiha a 1918, shekara biyu kafin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata haƙƙin jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar. A wancan zamani mata ne suka cika azuzuwa amma maza ne ke riƙe da shugabanci, albashin mace bai kai na namiji ba, kuma hukumomin makarantu da yawa kan sallami malama da zarar ta yi aure. Wannan halin ne ya sa suka ga dole su haɗa kai. Delta da Kappa da Gamma sunayen haruffa uku ne na harshen Girka, farkon kalmomi uku masu nufin malamai da mabuɗi da mata, kuma sanya wa ƙungiyoyin masana irin wannan suna tsohuwar al'ada ce a jami'o'in Amurka. Tsarin mulkin ƙungiyar da manufofinta guda 7 suna nan a rubuce a intanet. Ki buga su a takarda ki miƙa masa ya karanta da idonsa, ya ga cewa magana ce ta karrama malamai mata, da ba su tallafin ƙaro karatu, da goyon bayan dokokin da za su amfani ilimi. In da hali, ki roƙe shi ya raka ki. A irin waɗannan tarurruka ana sayar da tikitin liyafa ga baƙin da mambobi suka zo da su, kuma zuwansa zai warware batun tafiya ba muharrami tun kafin ya taso.

Yanzu ga abin da za ki tarar. Akwai zaman gudanarwa, inda ake karanta rahoton kuɗi, a yi muhawara kan gyaran dokoki, a zaɓi shugabanni idan shekarar zaɓe ce. Sabbin mambobi sukan guje wa wannan zama saboda suna ganin ba ruwansu, ni kuwa ina ganin nan ne ya fi cancantar ki zauna ki kasa kunne. A nan za ki ga yadda mace ke tashi ta nufi makirufo, ta faɗi sunanta da reshenta, ta gabatar da ƙuduri, wata ta mara mata baya, a ba masu goyon baya da masu adawa lokaci daidai wa daida, sannan a kaɗa ƙuri'a kowa ta karɓi sakamako. Na halarci tarurrukan mata malamai da dama a gida inda muka kwana biyu muna kuka kan rashin banɗaki a makarantun 'yan mata, muka watse ba tare da an rubuta ƙuduri ko ɗaya ba, ba kuma tare da an ɗora wa kowa alhakin bin sawu ba. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Idan kika koyi yadda ake mayar da koke ya zama shawara rubutacciya mai wa'adi, kin samo abin da zai yi miki amfani a makarantarki, ya kuma amfani ƙungiyoyin matanmu duk ranar da kika waiwayi gida. Ki tambayi shugabar reshenku tun yanzu a waɗanne zama kike da ƙuri'a, ki kuma karanta takardun da za a aiko kafin ranar.

Sai ƙananan zaurukan ƙara wa juna sani, waɗanda ake gudanar da da yawa daga cikinsu a lokaci guda. Ki ɗauki jadawalin tun a gida ki ja layi a ƙarƙashin uku ko huɗu da suka shafi ajinki kai tsaye, kamar koyar da karatu ko lissafin ƙananan yara. Kin san dokar Texas ta wajabta wa malamin aji awa 150 na ƙarin horo a cikin kowace shekara 5 kafin ya sabunta takardar shaidarsa, don haka ki bincika waɗanda za a lissafa miki a ciki, ki kuma karɓi shaidar halarta kafin ki bar zauren.

Kada ki shiga wurin da zuciyar wadda ta zo karɓa kawai. Fiye da ɗaya cikin biyar na ɗaliban makarantun gwamnati a Texas yara ne da ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu, akasarinsu masu jin Sifaniyanci a gida. Ke kin yi shekara 8 kina koyar da yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ya zo ya tarar da littafin Turanci, kuma ke kanki ta wannan hanyar kika bi. Kin san yadda yaro ke yin shiru a aji alhali amsar tana bakinsa, kalmar ce kawai ta ƙi zuwa. Kin san yadda ake koyar da tarawa da ɗebewa da marafan kwalba ga yara sittin a aji ɗaya. Malamai da yawa a zauren a littafi suka karanta wannan, don haka idan aka buɗe fagen tambayoyi ki ɗaga hannu ki yi magana.

Batun kuɗi kuwa, ki rubuta komai a takarda: rajista, ɗakin otal, man mota, da tikitin liyafa wanda galibi daban ake biyansa. Yin rajista da wuri yakan fi sauƙi, kuma idan maigida ba zai samu zuwa ba, kuna iya haɗa mota da ɗaki da abokiyar aikin nan taki. Ba abin kunya ba ne ki tambayi reshenku ko yana da tanadi domin masu zuwa karon farko.

Salla ba za ta ba ki wahala ba. A watan Yuni azahar kan shiga wajen ƙarfe 1:30 a Texas, magariba kuma sai bayan ƙarfe 8:00, kuma yawanci a otal ɗin da ake taron ake kwana, don haka ɗakinki yana kusa. Tafiyar awa huɗu a mota ta wuce nisan ƙasaru, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, sai ki nemi ƙarin bayani wurin malaminku kafin ki tashi. A takardar rajista akwai gurbin bayyana abin da mutum ba ya ci. Ki rubuta a fili cewa ba kya cin naman alade da duk abin da aka sa wa giya, ki zaɓi kifi ko ganyayyaki, ki kuma saka dabino da gyaɗa a jaka saboda ranar da abincin bai yi ba. Akwai kuma zaman tunawa da mambobin da suka rasu, inda ake kiran sunayensu a ajiye furanni, wani lokaci a rera waƙa. Duk abin da kika ga bai dace da aƙidarki ba, ki zauna shiru cikin mutunci, ba wadda za ta tilasta miki.

Mai yiwuwa ne ki zama ke kaɗai ce mai hijabi, kuma za a yi miki tambayoyi, wasu na rashin sani. Ki amsa da sakin fuska, ki sa atamfarki mafi kyau ranar liyafa. Ki karɓi lambar waya ta mutum biyar da kuke koyar da aji ɗaya, ki tuntuɓe su cikin makon da kika dawo. Ki kuma yi tambaya a kan tallafin da ƙungiyar ke bai wa mata 'yan wasu ƙasashe masu karatun digiri na gaba a jami'o'in Amurka da Kanada, domin wataƙila cikin ɗalibanki na Zariya akwai wadda za ta dace da shi nan gaba. Idan Allah ya dawo da ke lafiya, ki rubuto mana yadda taron ya kasance.