Ƙarfe zan ƙara wa motar, ko ni ne da sauran koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila, ina da tsohuwar Mazda MX-5 ƙirar 2002. Sau uku ke nan ina kai ta filin tseren motoci na Brands Hatch a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida filin su zagaya. Motar tana rinjaya sosai a kwana, kuma wani dattijo mai mota irin tawa sak yana wuce ni kamar ina tsaye. Abokaina sun ce in sa sifirin masu tauri da sababbin shokazoba, in ɗaure shasi da sandunan ƙarfe. Kuɗin da na tara ba zai isa wannan da kuma ɗaukar mai koyarwa ba. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tana cikin tambayarka, a wurin dattijon nan. Mota iri ɗaya, kwalta ɗaya, rana ɗaya, amma ya bar ka a baya. Tazarar da ke tsakaninku tana kan kujerar direba, kuma babu shagon kayan mota da ke sayar da ita. Ka ɗauki mai koyarwa. Amma bari in warware maka dalili, don kada abokanka su juya maka tunani a gareji ranar Asabar.

Rinjayar da kake gani ba ita ce ke cinye maka lokaci ba. Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yana komawa kan tayoyin waje. Yawan nauyin da zai koma ya dogara ne ga nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, da ƙarfin kwanar da ka sha. Taurin sifirin ba ya cikin lissafin nan. Abin da tauri yake canzawa shi ne saurin da nauyin ke komawa, da yadda ake raba shi tsakanin gaba da baya, da yadda tayar ke zama a kan kwalta. Ga gwani wannan riba ce, domin motar tana amsa masa nan take. Ga mai koyo kuwa, a nan gizo ke saƙa.

Mota mai taushi tana yi maka magana kafin ta yi fushi. Za ta kwanta a hankali, sitiyari ya ɗan yi sauƙi a hannunka, tayoyi su fara kuka ƙasa-ƙasa, ka ji kujera tana tura ƙugunka gefe. Duk wannan gargaɗi ne, kuma tana ba ka lokacin da za ka sassauta totur ko ka ɗan warware sitiyari. Idan ka taurara ta, ka taƙaita wa kanka wannan lokacin. Riƙo zai ƙaru kaɗan, gudun da za ka shiga kwana da shi ya ƙaru, ranar da baya zai zame kuwa zai zame ne ba sallama, a gudun da hannunka bai saba kamawa ba. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ka tuna Paddock Hill Bend, kwanar farko bayan layin tashi. Kana doso ta ba ka ganin mafitarta, ƙasa ta gangara a ƙarƙashinka, motar ta yi sauƙi daidai lokacin da kake neman ta juya dama, sannan a gindin gangaren ta danne da dukan nauyinta kafin ku hau tudu zuwa kwanar Druids. Da zan zauna kusa da kai, ƙafarka ta dama da idonka zan kalla. Yawancin masu zuwa filin karo na uku suna taka birki da wuri, su sake shi farat ɗaya, gaban motar ya ɗago, tayoyin gaba su rasa nauyin da suke bukata, sai motar ta ƙi juyawa. Direba ya ƙara murɗa sitiyari, taya ta yi ta ihu, ya fito yana cewa motar ce ba ta da riƙo. Dattijon naka yana zare ƙafarsa daga birki sannu a hankali yayin da yake juya sitiyari, idonsa kuma tuni yana can inda zai fita. Wannan kaɗai, a zagaye na kilomita 1.9, ya isa ya raba ku.

Jackie Stewart, wanda ya ci gasar Formula 1 a 1969 da 1971 da 1973, yana da wata hanyar koyarwa: a ɗaure faranti mai ɗan zurfi a kan bonet, a saka ƙwallo a ciki, a ce ka zagaya da sauri ba tare da ƙwallon ta faɗi ba. Darasin shi ne kada birki ko sitiyari ko totur ya zo wa mota a ba-zata. Motarka mai rinjaya tana yi maka aikin farantin nan kyauta, domin duk fizgar da ka yi za ka ji ta a jikinka.

Kuma tauri ba kullum yake nufin sauri ba. Aikin sifirin da shokazoba shi ne su riƙe taya manne da ƙasa, kuma kowace taya wurin da take taɓa kwalta bai wuce tafin hannunka ba. A hanya mai gargada irin Nordschleife ta filin tseren Nürburgring a Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, motar da aka taurara fiye da kima tsalle take yi, taya a sama kuwa ba ta birki ba ta juyi. Har manya abin ya taɓa su: a 2022, a tseren Formula 1 na birnin Baku, an ga Lewis Hamilton yana fitowa daga motarsa da ƙyar yana dafe baya, saboda motar an kwantar da ita ƙasa, ga tauri, tana ta bugun kwalta.

Batun sandar da ake ɗaurawa tsakanin kawunan shokazoba na gaba, wannan gajere ne. A motar da shokazoba yake ɗauke da dukan ƙafar, tsarin da ake kira MacPherson irin na Golf, ƙarfin kwana yana hawa har can sama, don haka sandar tana da ɗan aiki. MX-5 tana da hannuwa biyu, sama da ƙasa, a kowace ƙafa, su ne ke ɗaukar ƙarfin su kai shi ƙasan shasi. Sandar za ta yi kyau idan an buɗe bonet, shi ke nan mafi yawan amfaninta.

Ba ina cewa kada ka taɓa motar ba ne. Gyara daban, ƙari daban. Motar 2002 ta kwana biyu, kuma wannan ƙirar an san ta da tsatsa a Ingila saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, musamman ƙasan ƙofofi ta baya da dogayen ƙarafan shasi na gaba. Ka sa bakanike ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa wuraren nan. Ɗaura sandar ƙarfe a kan shasin da tsatsa ta cinye kamar yi wa rusasshen gini fenti ne. Ya duba robobin ƙafa, ya duba ko shokazoba na yoyon mai. Idan sun mutu, a maye su da irin na asali. A daidaita ƙafafun huɗu. A canza man birki: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Selshiyos, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya saukowa wajen 155, kuma wanda birkinsa ya taɓa nutsewa har ƙasa yana doso Druids ba ya bukatar a yi masa bayani. Ka sa fatar birki mai jure zafi, da tayoyi huɗu iri ɗaya masu lafiya. Ka sayi ɗan ma'aunin iska, ka riƙa auna tayoyin da zarar ka fito suna da zafi, ka rubuta. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ƙarfe ɗaya ne zan ce ka saya ba tare da jira ba: gadar kariya da ake kafawa bayan kujeru, tunda motarka marar rufi ce. Don kanka za ka saye ta, ko da yake tana ɗan ƙara wa tsakiyar motar ƙarfi. Ka zauna da hular kwano a kanka ka tabbatar gadar ta fi ka tsayi.

Yaushe lokacin sifirin zai yi? Idan mai koyarwa ya ce zagayenka sun fara kama da juna, wurin taka birki ɗaya, layi ɗaya, kuma ka iya faɗin kukanka dalla-dalla. "Tana rinjaya" ba kuka ba ne. "A tsakiyar kwanar Clearways gaba yana zarcewa ko da na saki birki yadda ya kamata, kuma gefen waje na tayar hagu ta gaba yana cinyewa" shi ne kukan da bakanike zai iya yi wa magani, kuma sau da yawa maganin ɗan kwantar da kan tayoyin gaba ciki ne, ba sabon kaya ba. Idan ka zo kan sandar hana rinjaya, wadda makanikai ke kira sitabilaiza, ka riƙe ƙa'idarta: ɓangaren da ka taurara shi ne zai fara sakin ƙasa. Ka taurara gaba, gaba ya zarce. Ka taurara baya, baya ya watso. Kuma abu ɗaya ake canzawa a tafiya ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Zuwanka na gaba, ka nemi dattijon nan a inda ake ajiye motoci, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya ɗauke ka zagaye uku a motarsa idan masu filin sun yarda da fasinja. Kada ka kalli hanya. Ka kalli ƙafarsa lokacin da kuka doshi Paddock.