Hawa ta Hagu da Maganar Horon Doki

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka fara koyon hawa. Abu biyu ka tambaya: dalilin da malaminka ya hana ka hawa ta dama, da kuma wace hanyar horo ta fi, ta mahayan Ingila ko ta makiyayan shanun Amurka.

Hawa ta hagu gadon zamanin takobi ne. Mayaƙi a kwiɓin hagu yake rataye takobinsa don ya zare da dama, in ya ce ta dama zai hau, kube ne zai harɗe masa ƙafa. Takobi ya tafi, al'adar ta zauna. Ka bi ta, tunda yawancin dawakin da za ka tarar a haka suka saba. Amma ranar da Allah ya ba ka duƙushi naka na kanka, ka saba masa da ɓangarorin biyu, don abin da doki ya amince da shi ta hagu, sau da yawa sai an sake nuna masa ta dama. Kada kuma ka ɓullo masa ta bayansa shiru. Ba ya ganin wurin, daga nan harbi yake zuwa.

Ta biyun kuwa, kowace hanya aiki ne ya haife ta. Makiyayin Amurka wuni yake a kan doki, hannu ɗaya na riƙe da igiyar zarge maraƙi. Shi ya sa sirdinsa ke da faɗi da nauyi, da ƙaho a gaba na naɗe igiya, dokinsa kuma da kamazuru, wato igiyar linzami, ya taɓa wuyansa ya juya. Na Ingila a farautar daji da tsallake shinge ya taso: sirdi marar nauyi, kamazuru a hannu biyu, yana jin bakin dokin a yatsunsa koyaushe. Abin da kake so dokinka ya yi maka shi zai zaɓar maka hanya.

Ni dai waɗanda suka fi kwanta mini a rai su ne na makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya, wadda tarihinta ya faro tun ƙarni na 16, UNESCO kuma, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa fasaharta cikin kayan gadon duniya a 2015. Fararen ingarmunsu sai sun kai shekara 4 ake fara musu horo, a kuma kwashe kimanin shekara 6 ana yi. Ɗalibi fa? Ɗora shi ake a doki, malami na tsakiya da doguwar igiya, a yi ta zagaye da shi ba likkafa ba kamazuru, har zamansa ya daidaita. Tsoffin makiyayan Kalifoniya ta Amurka ma da ragamar saƙaƙƙiyar fata a kan hanci suke farawa, sai bayan shekaru ƙarfe ya shiga baki. Ka ga mutanen da teku ya raba, amma dukansu ba su yarda a damƙa bakin doki ga hannun da bai nuna ba. Jinkirin ma da dalilinsa: ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara 5 zuwa 6.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a wajen saki doki yake gane abin da kake nufi. Ka ja kaɗan, ya ba da kai, ka sassauta nan take. In ka makara, ka koya masa cewa biyayya ba ta kawo sauƙi. Wannan da kaina na gani. Ina saurayi an ba ni wani duƙushi mai laushin baki, na riƙa rataya a linzami saboda tsoron faɗuwa. Kafin shekara ta zagayo bakinsa ya mutu, ya koma tutsu da gardama, ana ta ɗora masa laifin da nawa ne. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci.

Saboda haka ka roƙi malaminka ya zagaya da kai a igiya, ko sau biyu a mako, hannunka a kan cinya. Ƙaimi da bulala ka ajiye su tukuna. Ranar da ka iya sassarfa ba tare da ka nemi abin kamawa ba, ka rubuto mini, sai mu yi maganar linzamin da ya dace da dokin naka.

Ka gaida mutan gida.

Kawunka.