Askar tiyata: a saya ko a bari?

Wasiƙu uku suka haɗu a wannan makon a kan abu ɗaya, wato ƴar wuƙar nan da likita ke tsaga fata da ita. Da yake na yi shekaru ina miƙa ta a ɗakin tiyata, sai na ga gara in amsa su tare.

Wata uwa daga Tudun Wada ta rubuto cewa ɗanta ya shiga aji biyu a karatun likita a jami'ar ABU Zariya, an ba su jerin kayan fiɗa, ya ce aska sai mai tsada ƴar Ingila. Tana tambaya ko dole ne, ko kuwa yaro ne kawai yake son ƙarya a cikin abokai.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba sai kin taɓa kuɗin adashe ba. Askar tiyata kashi biyu ce, akwai ƙota, akwai reza da ake zura mata a baki a cire idan an gama. Wani Ba'amurke mai suna Morgan Parker ne ya yi rajistar wannan dabara a 1915, kuma har yau lambobinsa ake bi. Ƙota mai lamba 3 tana ɗaukar reza 10, 11, 12 da 15. Mai lamba 4 ta fi kauri, tata rezar daga 20 ne zuwa sama, irin su 22 da 23. Nan ne ɗalibai ke asarar kuɗi: yaro ya je kanti a Sabon Gari ya sayo ƙota 3 da reza 22, ya koma Samaru ya yi ta kokawa ta ƙi shiga. Don haka a gwada a gaban mai kanti kafin a biya.

Aikin ɗanki yanzu a kan gawa ne, ba a kan mai rai ba, kuma maganin da ake adana gawa da shi yana sa fata ta yi tauri kamar ƙirgi. Ko wace irin reza ce, cikin ɗan lokaci za ta dakushe. Ki saya masa ƙota biyu, 3 da 4, na baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa. Yawancin waɗanda ke kasuwa daga Siyalkot ta Pakistan ake kawo su, kuma mai kyau a cikinsu za ta kai shi har ya gama karatu a asibitin koyarwa na Shika. Ragowar kuɗin ya tafi a reza. Kwali ɗaya yakan zo da ɗari, sai su haɗa kai shi da abokan teburinsu su raba. Swann-Morton da yake kwaɗayi, ta garin Shafil a Ingila, tana da kyau ba musu, amma ya bari sai ya fara taɓa masu numfashi.

Ki kuma gaya masa in ji ni, kada ya kuskura ya sa reza ko ya cire da yatsa. Da hantsaki ake kamawa, a juya kaifin waje. Na taɓa ganin ɗalibi ya tura da babban yatsa, hannu ya zame, sai ga jini a kan farar riga kafin ma ya ji zafi. Ɗinki huɗu aka yi masa a ranar da ya zo koyon yanka.

Wasiƙa ta biyu daga wani wanzami ce a cikin birni, wanda ya gaji zabira daga mahaifinsa. Ya ce iyayen yara sun fara tambayarsa ko askarsa sabuwa ce, yana so ya koma ta asibiti, amma yana tambaya: in ya tafasa ta, sau nawa zai iya maimaitawa?

Malam, Allah ya saka da wannan tambaya, don da yawa ba sa yi. Amsa ita ce sau ɗaya, mutum ɗaya. Rezar tiyata takan zo a rufe cikin takardar alminiyom, an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta tun daga kamfani. Da ka yage ta ka yi aiki, ta gama rayuwarta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma lungun da reza ke haɗuwa da ƙota maɓoya ce mai kyau. Tafasawa a tukunyar gida ba ta kashe ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora. A asibiti sai an sa ƙota cikin tukunyar tururi mai matsi, zafi digiri 121 na aƙalla minti 15. Tun da ba ka da ita, abin da ya fi dacewa da kai shi ne askar da ke zuwa da ƙotar roba a haɗe, a yi aiki a jefar da duka. Ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin kwali, in takardar ta huje ko ta jiƙe ka mayar masa. Ka yage a gaban uban yaro, ya gani da idonsa, wannan kaɗai zai ƙara maka kasuwa. Wadda ka gama da ita kuma ta shiga gwangwani mai murfi, ka kai asibiti mafi kusa su ƙona tare da nasu, kada ta je bola inda almajirai ke tone-tone ba takalmi.

Askin suna kuwa, askar tiyata ba ta dace da shi ba, an yi ta ne don ta shiga nama. Sabuwar rezar aski ta wadatar. Batun cire beli, wannan ko da sabuwar aska ce ba na goyon baya, jariri ba shi da jinin da zai zubar. Kai kanka ka sa safar hannu, ka je a gwada ka, a yi maka rigakafin ciwon hanta, allura uku ce.

Na ƙarshe wani matashi ne daga unguwar Kongo a Zariya, maruru ya fito masa a hammata, an ce ya sayi reza lamba 11 a kemis ya yi wa kansa sakiya. Gaskiya ne, lamba 11 mai tsini da ita ake huda ƙurji. Amma ɗana, hammata mahaɗar jijiyoyi ce, kuma da hannu ɗaya za ka yi, kana leƙen madubi. Ka riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a rana. In ya kwana biyu yana ƙara girma, ko zazzaɓi ya shigo, ka nufi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan a kashe wurin a fasa maka. In kuma yawan fitowa yake yi, ka ce a auna maka suga tun kana can.