Tambaya da Amsa: Da na kwanta sai gabana ya riƙa faɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun da na ciyo bashin taki a farkon damina, da na kwanta sai zuciyata ta kama dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, yatsuna kamar ana tsira musu allura. Mai kemis ya ba ni wata 'yar ƙwaya, in na sha sai barci. Ciwon zuciya ne ko iska?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin ya fi kama da fargaba mai tsanani, amma kada mu yanke hukunci daga nesa. Fara zuwa asibiti a duba hawan jini, yawan jini da maƙoƙo, domin ƙarancin jini ma yana sa zuciya gudu. Idan ƙirji na ciwo lokacin da kake huɗa, ko ciwon na sauka hannun hagu, ko ka taɓa suma, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Allurar nan ta yatsu daga numfashi take. Mai firgita yana haki, hakin ya rage iskar kabon (wadda muke fitarwa da numfashi) da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri da tsikari su biyo baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara zuƙar iska da ƙarfi. Tashi zaune, ɗora tafin hannu a cibiya. Shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, cikin ya taso, ba kafaɗa ba. Fesar ta baki a hankali kamar mai hura kunu, kana ƙirga 6. Yi haka minti 5. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin minti 10 ya fara sauka. Sai dai ka saba da wannan salon numfashi tun kana lafiya, bayan Asuba da bayan Magariba. Ba a koyon iyo ranar ambaliya.

Goro nawa kake ci? Sinadarin da ke cikinsa shi ne na shayi da kofi, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jiki. Daga La'asar ka rufe. Rage shi sannu a hankali, in ba haka ba ciwon kai ya sako ka gaba.

Shi kuwa bashin, ba shi minti 15 da rana: buhu nawa, yaushe ne biya, me za ka iya bayarwa da kaka. Je ka sami mai kuɗin ku yi magana. Addu'o'in kwanciya kuma ka riƙe su.

Ƙwayar ce ta fi damun mu. Idan dangin Valium ce (ƙwayar kwantar da hankali da sa barci), jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni. In ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke lokaci guda, yin hakan na iya jawo jijjiga. Ɗauki kwalinta ka nuna wa likita. Akwai masu kula da irin wannan a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da na Dawanau da ke Kano, kuma ba sai mai taɓin hankali ke zuwa ba. Idan tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, faɗa wa ɗan'uwa yau ya raka ka.