Na'urar numfashin barci: wacce ya kamata in yi oda?

Tambaya: Ina sayar da kayan asibiti a Yamai. Dillalina na Dubai ya yi mini tayin na'urar CPAP, wadda masu ɗaukewar numfashi a barci ke kwana da ita. Iri biyu ce: mai ajiye bayanan barci tana tura su ta intanet, da mai araha wadda ba ta ajiye komai sai awowin aiki. Me ya sa har yanzu ake sayar da ta biyun? Ko kwantai ne ake son juye mini?

Amsa: Alhaji, ba lallai kwantai ba ne. Aikin na'urar bai sauya ba tun da Colin Sullivan ya bayyana ta a Ostireliya a 1981: tana hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya toshe in mutum ya yi barci. Mai araha ma tana yin wannan, muddin an saita ta daidai.

Tura bayanai ta intanet ya samu gindin zama ne saboda masu biyan kuɗi. A Amurka, inshorar gwamnati ta Medicare tana son shaidar cewa mutum yana kwana da na'urar aƙalla awa 4 a kashi 70 cikin ɗari na darare kafin ta ci gaba da biya. Mai sayenka kuwa daga aljihunsa zai ciro kuɗin, babu mai bin diddiginsa, kuma layin wayar da ke cikin mai tura bayanan ba lallai ya kama a Nijar ba. Duk inda ciniki yake haka, mai araha ba za ta rasa kasuwa ba.

Amma ni ba zan ce ka zuba jarinka a kanta ba. Akwai ta tsakiya, mai rubuta komai a ɗan katin ajiyar bayanai, wato katin SD, ba ruwanta da intanet. Ko kamfanin ResMed, mai ƙera waɗannan na'urori, ya fitar da irinta a 2022 da kayan lantarki suka yi ƙaranci. Likita zai zare katin ya ga sau nawa numfashi ya ɗauke a awa guda, ya ga ko takunkumin na yoyon iska. In babu wannan, ranar da mai saye ya dawo yana cewa har yanzu gyangyaɗi yake a kanti, ba ka da abin nuna masa, likita ma lalube zai yi. Daga nan sai a ce kayanka ne ba kyau.

Matsin iskar yana tsakanin 4 da 20 a ma'aunin na'urar, kuma likita ne ke yanke shi bayan gwajin barci. Don Allah kada ka ɗora wa yaron kanti wannan, rai ne a ciki. Ka guji tsofaffin na'urorin Philips da kamfanin ya janye a 2021 saboda soson ciki da ke ruguzowa, domin irinsu kan ɓullo a kayan gwanjo.

Ka fara da kaɗan, ka haɗa da takunkumi girma daban-daban, da tiyo, da matatun iska masu yawa, don ƙurar hunturu tana saurin cika su. A nan ribar da ke dawowa take. Kafin ka biya kuma, ka sa dillalin ya tabbatar maka na'urar tana aiki da batir, saboda ɗaukewar wuta a watannin zafi.