Tambaya da Amsa: Me ya sa masu kula da ɗana ba sa daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 19 yana da galahanga da farfaɗiya, ba ya magana, yana kwana a wata cibiyar masu irin larurarsa. Cikin shekara guda sau huɗu aka sauya masa mai kulawa, yanzu ya koma cizon hannunsa. Shugabar wurin ta ce kuɗi ne babu. Gaskiya ne ko uzuri?
Wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya saka miki da alheri. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar shugabar, ga lissafin. Mako yana da awa 168, ma'aikaci ɗaya kuma yakan yi 40. Ke nan a samu mutum ɗaya tak a bakin aiki dare da rana sai an ɗauki fiye da huɗu, in aka haɗa da hutun shekara da rashin lafiya, biyar. Gida mai mutum shida da ke son ma'aikata biyu na tsawon awa 16 da ɗaya cikin dare yana cin awa 280 a mako: mutum bakwai, kafin kowa ya tafi hutu.

Albashi ne ke lashe mafi yawan kasafin irin wannan wuri, kuma shi ne masu ba da tallafi suka fi gudu. Sun fi son gini ko mota, abin da ake gani, tallafin ma yakan ƙare bayan shekara biyu ko uku. Inda gwamnati ke biya, sau da yawa kuɗi iri ɗaya take bayarwa a kan kowane mutum, da mai ci da kansa da wanda sai an ɗaga shi an juya. Albashi ya yi kaɗan sai wani ya tafi, sauran su ɗauki aikinsa, su gaji, su ma su bi shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da mai tafiya yake tafiya da shi. Tsohuwar mai kulawa ta san cewa in ɗanki ya toshe kunnuwansa hayaniya ce ta ishe shi, in ya ture kofi ciwo yake ji. Sabuwa ba ta sani ba, sai ta ce taurin kai ne. Daga nan cizon hannu kan fara, kuma a wuraren da hannaye suka yi kaɗan akan koma ga maganin sa barci. Kada ki yarda da wannan sai likita ya duba haƙori, kunne, ciki da taurin bayan gida, domin wanda ba ya magana da jikinsa yake faɗin ciwo.

Rashin kuɗi bai hana waɗannan ba, ki nemi a yi su. A rubuta takarda shafi ɗaya a kansa: abin da yake so, abin da ke tayar masa da hankali, alamun faɗuwarsa, yadda ake ba shi abinci kada ya sarƙe shi. A ajiye littafin miƙa aiki, duk mai tashi ya rubuta lokacin magani da sa hannu, saboda tsallake maganin farfaɗiya kan dawo da faɗuwa. Kowa kuma ya san faɗuwar da ta wuce minti 5 ta asibiti ce cikin gaggawa. Sabon ma'aikaci ya bi tsoho aƙalla mako biyu kafin a bar shi shi kaɗai. A ware masa mutum biyu tsayayyu, in ɗaya ta tafi ɗaya na nan.

Ki kuma tambayi shugabar ma'aikata nawa ne ke kwana, nawa suka bar aiki bana. Ku haɗu da sauran iyaye ku kai waɗannan alƙaluma ga hukumar da ke biyan kuɗin. In ƙasarku ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, ku kafa hujja da sashe na 19, wanda ya ɗora wa gwamnati samar da masu taimaka musu su rayu cikin jama'a.